Ɗamarar Direban Tsere: Yadda Ake Zaɓenta da Yadda Ake Kafa Ta a Mota

Da yawa daga cikinmu mun taɓa kallon tseren motoci a talabijin ko a waya. Za ka ga mota ta kwaso da gudu ta daki bango, tayoyi sun yi nasu wuri, ƙarafa sun tarwatse, amma can sai ga direba ya fito da ƙafarsa yana ɗaga wa jama'a hannu. Abubuwa da dama ne suke haɗuwa su tserar da shi: hular kwano, kujera ta musamman, kejin ƙarfe, da tufafin da ba sa saurin kama wuta. Amma duk cikinsu babu wanda zai yi amfani idan direban bai zauna daram a mazauninsa ba. Abin da yake riƙe shi a wurin kuwa shi ne ɗamara, wato babbar yayar bel ɗin da muka sani a motocin gida. A wannan fitowar za mu duba dalilin da ya sa ake ɗaura ta, ire-irenta, yadda ake zaɓen ta ƙwarai, da yadda ake kafa ta a jikin mota.

Lissafin da ke bayan ɗamara

Mu tuna dokar Newton ta farko da muka koya a darasin fiziks: abin da yake tafiya zai ci gaba da tafiya har sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Idan mota ta daki bango, motar ce ta tsaya. Mutumin da ke ciki yana nan yana tafiya da irin gudun da motar take yi kafin karon.

Ga misali da kowa zai iya gwadawa a bayan littafinsa. Mota tana gudun kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ta yi karo, ta tsaya cik a cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Idan muka raba 28 da 0.1 za mu sami 280, wanda ya ninka ƙarfin jan ƙasa kusan sau 28. Ma'ana, direba mai nauyin kilo 70 zai danno gaba kamar mai nauyin kilo 1,960. Wannan ya kai nauyin buhun siminti kusan 40. Babu ƙaton da zai dafe sitiyari ya tare irin wannan nauyi da hannu biyu.

To shin jikin ɗan'adam zai iya jure wannan? Zai iya, idan an ɗaure shi da kyau. A watan Disamba na 1954 wani likitan sojan saman Amurka mai suna John Paul Stapp ya sa aka ɗaure shi a kan wani keke mai roka da ke gudu a kan dogo, a jihar New Mexico. Keken ya haura gudun kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi a ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi. Ƙarfin da ya sauka a jikinsa ya ninka nauyinsa sau 46. Ya ji jiki, idanunsa sun tara jini, amma ya rayu har ya tsufa. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, ƙarfin karo yakan kashe mutum ne idan ya taru a wuri ɗaya mai taushi. Idan aka baza shi a kan ƙasusuwa masu ƙarfi, wato ƙugu da kafaɗu da ƙirji, jiki yana iya ɗauka. Aikin ɗamara ke nan a taƙaice.

Darasin da aka koya da tsada

Abin mamaki, direbobin tsere na da ba sa son a ɗaure su. Motocin zamanin tankunan fetur ne masu taya, kuma abin da direba ya fi tsoro shi ne ya maƙale a cikin wuta. Da yawansu sun gwammace mota ta yi jifa da su waje.

Labarin Jochen Rindt, wanda yake tsere da tutar ƙasar Austriya, ya nuna illar wannan tunani. Ɗamararsa mai maɗauri biyar ce, amma ya saba ɗaura huɗu kawai, yana barin na tsakanin cinyoyi domin ya samu saurin fita idan wuta ta tashi. Ranar 5 ga Satumba 1970, yana gwaji a filin Monza na ƙasar Italiya, motarsa ta ƙwace ta daki shinge. Sai ya zame ta ƙarƙashin ɗamarar, ta ji masa mummunan rauni a maƙogwaro, ya rasu. Makin da ya riga ya tara a shekarar babu wanda ya kamo shi, don haka aka ba shi kambun duniya bayan mutuwarsa. Har yau shi kaɗai ne aka taɓa yi wa haka a gasar Formula 1. A 1972 aka wajabta ɗamara ga duk direbobin gasar.

Darasi na biyu ya zo daga Amurka. Ranar 18 ga Fabrairu 2001, a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500, shahararren direban gasar NASCAR Dale Earnhardt ya daki bango ya rasu sakamakon karaya a gindin ƙoƙon kai. Masu bincike sun tarar maɗaurin ƙugunsa na hagu ya tsinke, bayan ya tattare a gefe guda cikin ƙarfen da ake daidaita tsawonsa da shi. Wannan mutuwa ta tuna wa duniyar tsere abu biyu: yadda aka kafa ɗamara yana da muhimmanci kamar ingancinta, sannan ɗaure gangar jiki kaɗai bai isa ba, sai an kula da kai da wuya.

Ire-iren ɗamara

Ana rarrabe ɗamara da yawan wuraren da take kama jikin mota. Bel ɗin motar gida yana kamawa a wuri uku. Wani injiniyan kamfanin Volvo ɗan ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya ƙirƙiro shi a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar kyauta. An yi shi ne domin mai tuƙi a titi, wanda yake buƙatar ya juya, ya leƙa, ya miƙa hannu.

Mai wuri huɗu tana da maɗauri biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu. A ido ta fi bel ɗin gida, amma tana da wani mugun aibi. Lokacin karo, maɗauran kafaɗa sukan ja na ƙugu sama, ya bar kan ƙashi ya hau ruwan ciki. Daga nan mutum ya zame ta ƙasa, maɗaurin kuma ya matse hanji da hanta da saifa. Shi ya sa manyan gasanni ba sa karɓar ta.

Mai wuri biyar ta ƙara maɗauri ɗaya da yake fitowa ta tsakanin cinyoyi. Aikinsa shi ne ya riƙe makulli a ƙasa don kada maɗaurin ƙugu ya hau ciki. Mai wuri shida kuwa maɗauri biyu gare ta a wurin, kowanne ya bi ta cikin cinya ɗaya. Ta fi riƙe ƙugu, ta fi raba nauyi, kuma ita aka fi gani a manyan gasanni, ciki har da Formula 1. Akwai masu wuri bakwai har zuwa sama, waɗanda ake ƙara wa maɗaurin da zai hana direba tashi daga kujera idan mota ta kife.

Yadda ake zaɓe

Abu na farko da mai saye yake dubawa shi ne lambar shaida da aka ɗinka a jikin ɗamarar. Hukumomi biyu ne suka fi shahara wajen gwaji. Akwai FIA, hukumar wasannin motoci ta duniya, wadda aka kafa a 1904 kuma hedikwatarta take birnin Paris na Faransa. Ma'auninta na yanzu shi ne 8853-2016. Akwai kuma gidauniyar SFI ta Amurka, mai ma'auni irin su 16.1 da 16.5. Kowace gasa tana faɗin wanda take karɓa a littafin dokokinta, don haka mai hankali yakan karanta dokar kafin ya taɓa aljihu.

Na biyu, wa'adi. Ɗamara kamar magani take, tana da ranar daina aiki. Mai shaidar FIA shekara biyar take yi, mai shaidar SFI kuwa shekara biyu. Dalili shi ne zaren da ake saƙa ta da shi, ko nailan ko foliyesta, yana raunana a hankali saboda hasken rana da gumi da ƙura da mai. Ɗamara tana iya yin kyau a ido alhali ƙarfinta ya ragu sosai.

Na uku, faɗin maɗauri. Akwai mai inci uku, kimanin milimita 75, akwai mai inci biyu, kimanin milimita 50. A da an ɗauka mai faɗi ya fi ta kowane hali. Daga baya aka gano cewa a ƙugu, mai inci biyu ya fi shiga lungun da ke tsakanin ƙashin ƙugu da saman cinya, kuma ya fi ɗauruwa tamau. A kafaɗa ma ana son mai inci biyu idan direba yana sanye da abin tallafar wuya, wanda za mu yi bayaninsa nan gaba.

Na huɗu, makulli. Iri biyu ne. Akwai mai murɗawa, wanda kowane maɗauri yake da harshen ƙarfe da ake cusawa a cikinsa, da an murɗa sau ɗaya duk su saki. Akwai kuma mai ƙugiya da sakata, wanda masu tsere a ƙasa mai ƙura da taɓo suke so domin ƙasa ba ta cika toshe shi ba. Ko wanne aka zaɓa, sharaɗin ɗaya ne: direba ya iya kwance kansa da hannu ɗaya, da motsi ɗaya, ko da yana sanye da safar hannu, ko da hayaƙi ya rufe masa ido.

Na biyar, a guji ta hannu da ta jabu. Ɗamarar da ta taɓa shiga babban haɗari ta gama aikinta, domin zarenta ya riga ya miƙe, ba zai koma yadda yake ba. Wanda ya sayi tsohuwa bai san tarihinta ba. Akwai kuma masu kwaikwayon ɗamarar manyan kamfanoni har da lambar shaidar ƙarya, shi ya sa FIA take liƙa wa kayan da ta amince da su wata alama mai ƙyalli mai wuyar kwaikwayo. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan kuwa araha tana iya cin rai.

Yadda ake kafa ta

Nan ne aka fi yin kuskure. Ɗamarar da ta fi kowace tsada, idan aka kafa ta a karkace, tana iya zama ita ce sanadin rauni.

A fara da kujera. Dole ta zama kujerar tsere mai ramuka a kafaɗu da gefe da ƙasa, inda maɗaurai za su wuce kai tsaye ba tare da sun goga da kaifin wani abu ba. Ana zaunar da direban da zai tuƙa motar, a daidaita kujerar da tsawonsa, sannan a auna inda kowane maɗauri zai kama. Jikin direba ne ma'auni. Kuma dokar FIA ta motocin da aka gyara domin tsere ta hana a ɗaure ɗamara a jikin kujera ko ƙafafunta. A jikin mota ake kafa ta, ko a kejin ƙarfen da aka yi wa motar walda a ciki.

Maɗauran kafaɗa su tashi daga kafaɗa su nufi baya a miƙe, ko su ɗan sunkuya ƙasa kaɗan, abin da bai wuce digiri 20 ba. Babban kuskuren da sababbin shiga suke yi shi ne su ja su ƙasa su ɗaure a daɓen mota dab da bayan kujera. Idan aka yi haka, lokacin karo maɗauran za su danna kafaɗu ƙasa maimakon su riƙe su baya, ƙashin baya ya matse, har ya iya karyewa. Idan kuma aka kafa su sama da kafaɗa, direba zai tashi daga kujera da zarar mota ta kife. Wurin da ya fi dacewa shi ne sandar ƙarfen da aka gitta a kejin, a bayan kujera daidai tsawon kafaɗa. Ana son maɗauran su zama gajeru, domin zare yana miƙewa gwargwadon tsawonsa. Idan tilas ta sa wurin ɗaurewa ya yi nisa, kamar rabin mita daga kujera, sai a gicciya su, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, don kada su zame daga kafaɗa.

Maɗauran ƙugu su sauka ƙasa da baya a kusurwar da ke tsakanin digiri 45 zuwa 65, kusa da gefen kujera. Wurin zamansu shi ne kan ƙashin ƙugu, a lungun saman cinya. Ko kusa kada su hau kan ciki.

Maɗauran cinya su bi ta ramin da aka yi musu a ƙasan kujera. Kada a zagayo da su ta bakin kujera na gaba, domin sai mutum ya zame da nisa kafin su fara riƙe shi, kuma a lokacin aikin gama ya gama.

Sai wurin da ƙarfe yake kama ƙarfe. Daɓen mota falle ne marar kauri. Idan aka huda shi kawai aka ɗaure noti, ƙarfin karo zai fizge notin ya yaga fallen kamar takarda. Shi ya sa dokar FIA ta ce duk sabon wurin da aka huda sai an sa masa farantin ƙarfe a baya, mai faɗin da bai gaza murabba'in santimita 40 ba, misali santimita 5 sau 8, da kaurin da bai gaza milimita 3 ba. Wurin da maɗaurin kafaɗa ko na ƙugu ya kama ana son ya iya ɗaukar nauyin kusan tan ɗaya da rabi. Notin ma na musamman ne, mai lambar ƙarfi a kansa. Ba kowane noti da aka tsinta a akwatin bakanike ake sawa ba. Kuma ƙarfen da ke bakin maɗauri ya fuskanci inda za a ja shi, ya iya juyawa kaɗan, don kada zaren ya tattare a gefe guda kamar yadda aka gani a motar Earnhardt.

Idan naɗa maɗaurin aka yi a jikin sanda, akwai ƙarfe mai gada uku da ake zura shi ciki. Ana bin hoton da kamfani ya zana daki-daki, har da zurawar ƙarshe da take komawa baya ta kulle naɗin. A matso da ƙarfen dab da sandar, a bar jelar da ta kai santimita 10. Wanda ya manta zurawar ƙarshe, ɗamararsa za ta zare a lokacin da ya fi buƙatarta.

Wajen ɗaurawa ma akwai tsari. A fara da ƙugu, a ja shi tamau, makulli ya zauna a tsakiya ƙasa da cibiya. A tabbata na cinya sun kama. Sai a ƙarshe a ja na kafaɗu. Wanda ya fara da kafaɗu zai jawo makulli sama ya hau ciki. A Formula 1 wurin zama ya yi matsi har direba ba ya iya ɗaure kansa yadda ya kamata, makanikai ne suke sunkuyawa su ja masa.

Abokiyar tafiyar ɗamara

Mu koma lissafinmu. Kan mutum da hular kwano sun kai kimanin kilo 6. A karon da muka misalta, za su koma kamar kilo 168, fiye da buhun siminti uku, kuma wuya ne kaɗai yake riƙe da su yayin da ɗamara ta tsayar da gangar jiki. Wannan fizgar ce take karya gindin ƙoƙon kai. Maganinta shi ne wani abin tallafi da ake kira HANS, wanda Dakta Robert Hubbard na Jami'ar Jihar Michigan ya ƙirƙiro a shekarun 1980 tare da surukinsa, direban tsere Jim Downing. Kamar karkiya yake, yana zama a kafaɗu, yana da gajerun igiyoyi biyu da ake maƙalawa a hular kwano. Maɗauran kafaɗa ne suke bi ta kansa su danne shi. Ke nan idan an kafa su a karkace, shi ma ba zai yi aiki ba. NASCAR ta wajabta abin tallafar kai da wuya a watan Oktoba na 2001, Formula 1 kuma a 2003.

Tsoron wuta fa, wanda ya sa Rindt ya bar maɗaurinsa? Amsar ta fito fili ranar 29 ga Nuwamba 2020 a ƙasar Baharain. Motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta. Binciken FIA ya nuna ƙarfin karon ya ninka nauyin jiki sau 67. Saboda ɗamara da abin tallafar wuya da sandar kariyar kai sun yi aikinsu, bai suma ba. Da kansa ya kwance makulli ya fito daga cikin wutar a ƙasa da rabin minti, da ƙuna a bayan hannuwansa. Mutum sai yana cikin hayyacinsa yake iya gudun wuta, ɗamara kuma ita ta bar shi a hayyacinsa. A tseren daji da sahara, irin gasar Dakar da ta riƙa ratsa Agadas a Jamhuriyar Nijar kafin ta koma Kudancin Amurka sannan Saudiyya, ana kuma ajiye 'yar wuƙar yanka ɗamara inda hannun direba da na mataimakinsa zai kai, ko da makulli zai ƙi buɗewa.

Abin da ya shafe mu

Kada wani ya karanta wannan ya ce zai ba yayansa shawarar sa ɗamarar tsere a motar gida. Ɗamara ɓangare ce ta tsari guda: kujera, keji, hular kwano, da abin tallafar wuya. Tana riƙe mutum a miƙe ƙyam. Idan motar da ba ta da keji ta kife rufinta ya lotsa, wanda aka ɗaure haka ba shi da damar kaucewa. Bel mai wuri uku shi aka ƙera domin titi, kuma shi aka gwada tare da jakar iskar da ke cikin sitiyari.

Amma ƙa'idojin duk ɗaya ne. Bel ɗin ƙugu ya zauna a kan ƙashi, kada ya hau ciki. Na kafaɗa ya bi ta tsakiyar kafaɗa, kada a tura shi ƙarƙashin hammata ko bayan kujera. Kada ya murɗe, kada ya yi sako-sako. Kuma ba don ganin jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ake ɗaura shi ba, a kwance da an wuce su. Direban da ya fi kowa iya tuƙi a duniya ba ya barin garejinsa sai an ja masa maɗauri shida. Mu da muke hawa motar haya zuwa gida hutu, guda ɗaya kawai ake roƙonmu mu ja. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.